Wayar da Ta Ɓace Ranar Juma'a

Argungu, Lahadi, 7 ga Mayu

Zuwa ga ɗiyata Hamida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Mujtaba da 'yar jaririyarku Nuriyya. Mu nan lafiya lau sai zafi, sai kuma gwiwata da ta ƙi barina in yi sujada yadda nike so. Kunne kuwa kada ki tambaya. Na hagu ya daɗe da mutuwa, kowa ya sani. Na dama ma tun bara ya fara bin sawunshi, amma wannan ban faɗa wa kowa ba, ke ma ki riƙe bakinki. Kuma kada ki sake kawo mani maganar abin nan da ake maƙalawa a kunne. Ban so, ban saye. Shekara ashirin da biyu ina tsaye kan injin casar shinkafa, dole kunne ya gaji. Shi ya sa na rubuto takarda na ba Rabi'u direba, don in na kira ki a waya, ke ki yi ta ihu, ni in yi ta "na'am", mu rabu ba wanda ya gane wani.

Kakarki ta wajen uwa da mahaifiyata uba ɗaya suke, kuma duk zuriyar nan ke kaɗai kika karanci wuta har kina koya wa ɗalibai a kwalejin fasaha. To, yau ga ranarki.

Shekaranjiya Juma'a, tun hantsi anka ɗauke wuta muna tsakiyar aiki, injin cike da shinkafa. Munka jira har anka fara kiran salla, munka tafi masallaci. Malam Hodi, mai gadina, shi ya kulle ƙofa da hannunshi. Mabuɗin ɗaya ne, kuma shekara goma sha tara shina aljihunshi. Ni na biya duba wani maras lafiya, ban dawo ba sai wajen la'asar. Na tarar da ɗaki na warin ƙonannar roba, bango ya yi baƙi, Hodi ya share wurin tas har ya yayyafa ruwa. Wayar da ta taso daga akwatin bango zuwa injin kuwa, babu kamu huɗu a tsakiyarta. Babu! Guntu na lilo nan, guntu na lilo can.

Hodi ya ce shi ya fara dawowa, ya buɗe ya ga hayaƙi, ɓuntun shinkafa na ci a ƙasa, ya kashe ya share. Ya ce bai ga kowa ba, bai ga waya ba.

Kin san aikin 'yan gwangwan: su yanki waya, su ƙona robar, su auna jan ƙarfen. Warin nan shi ne dai warinsu. Amma wane irin ɓarawo ne zai zauna cikin ɗakina tsakar rana ya hura wuta? Kwaɗon ƙofa lafiya lau. Ga sabon ma'auni a kusurwa bai taɓa ba. Kuma kwayil ɗin injin ya ƙone, na kai a sake naɗi. Mi ya haɗa sata da kwayil? Wallahi kaina ya ɗaure. Tun ranar layinmu duka babu wuta, amma wannan ba sabon abu ba ne.

Matan da ke kawo casa sun fara ƙus-ƙus, suna cewa mai mabuɗi ɗaya ne, kuma mi ya sa ya yi saurin shara kafin kowa ya gani. Ban son jin wannan. Hodi ne ya wanke mahaifina ranar da ya rasu.

Na yanko bakunan wayar biyu na naɗe miki a takarda. Ki duba da idon boko ki faɗa mani da mi anka yanke ta.

Kawunki,
Ja'afar

*

Nassarawa, Birnin Kebbi, Talata, 9 ga Mayu

Kawu,

Wa alaikumus salam. Mun gode da gaisuwa, duk muna lafiya, sai Nuriyya da ke fama da haƙori. Allah ya sawwaƙe gwiwa. Maganar kunne na ji, na yi shiru, amma ban bari ba.

A tsaye nake rubuta wannan, ɗalibai na jarrabawar gwaji kuma Rabi'u na ta matsa mani hon a bakin get. Na duba bakunan wayar sama-sama. Ban ga alamar filaya ba, ban ga ta wuƙa ba. Zan duba da kyau in na samu sarari.

Abu biyu yanzu. Ko an dawo da kwayil, kada ka kunna komai sai na sake rubuto maka. Sannan ina son in san wa ya buɗe akwatin fis na ƙarshe, da abin da ya yi a ciki. Ina jin amsar tana can.

A gaida mutanen gida.

'Yarka,
Hamida

*

Argungu, Alhamis, 11 ga Mayu

Ɗiyata Hamida,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, Allah ya yi miki albarka, ya ba Nuriyya lafiya. A shafa mata man zaitun a dasashi. Gwiwa da sauƙi. Zuciya ce babu sauƙi.

Na karanta takardarki sau uku. Kin ce amsar tana wurin wanda ya buɗe akwatin fis na ƙarshe. Jiya da safe na kira Hodi bakin ƙofar injin, ga mata kusan goma zaune kan buhunansu suna jiran jin ranar da za a tashi injin. Na tambaye shi wa ya buɗe akwatin nan na ƙarshe. Ko gardama bai yi ba. Ya ce shi ne, ranar Juma'a, da ya ga hayaƙi ya buɗe ya zare fis ɗin don kada wuta ta dawo, daga baya ya mayar.

Mutumen da bai san wuta ba, mi ya kai shi akwati in ba don ya kashe ta ya ji daɗin cire waya ba? Haka na lissafa. Na ce mishi ɗiyata da ta karanci abin nan a Birnin Kebbi ta riga ta faɗa. Sai ya matso kusa da ni, ya kawo bakinshi wajen kunnena ya yi wani gunaguni. Na ɗauka roƙo ne zai fara, kuma raina ya riga ya ɓaci, mata na kallo. Na ja baya na ce, "Ba ni mabuɗi."

Ya dube ni. Sannan ya ciro mabuɗin, da igiyar fatar da ya ɗaura mishi, ya sa mani a hannu. Ya jingine tsintsiyarshi ya tafi.

Ya kamata in ji sanyi tunda an gano, ko ba haka ba? To ban ji ba. Kin ce ba filaya ba wuƙa. To da mi ya yanke, da haƙori? Shi da haƙoranshi ba su kai biyar ba. Kuma na bi rumfunan 'yan gwangwan uku da kaina, duk sun rantse ba wanda ya kawo musu irin wagga waya. Mutum ya zubar da mutuncin shekara goma sha tara don kamu huɗu? In bukata ce, da ya tambaya na ba shi naɗi guda.

Ki rubuto ki ce mani na yi daidai, don ni ban sani ba.

Kawunki,
Ja'afar

*

Argungu, Talata, 16 ga Mayu

Hamida,

Sallama da gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Kwana biyar ba amsa, Rabi'u ma ban gan shi a tasha ba, sai wani direba na ba wagga takarda. In fushi kike don na ambaci sunanki gaban mata, ki yi haƙuri. In kuwa shirun na nufin na yi daidai, ki faɗa da baki.

Wani sabon abu ya ɓullo, ya ƙara rikita ni. Kin tuna Laure, tsohuwar nan da ke kwasar sharar injin? Duk abin da Hodi ya share ita ke ɗauka a buhu, ta kai gida ta bakace, ta fitar da tsakin shinkafa ta yi tuwo, ɓuntun ta ba kaji. Sharar waccan Juma'ar ta jiƙe, sai da ta shanya ta kwanaki. Jiya tana bakace sai ta ji faifai ya yi nauyi, wani abu na gangarowa. Ƙwayoyi ne na ƙarfe, jajaye-jajaye, wasu baƙaƙe, mulmulallu sumul. Wasu kamar gero, wasu sun kai wake. Sun cika gwangwanin madara har da ɗori. Ta kawo mani, ta ce ita ba ruwanta, ba ta ci tsakin ba, ta zubar.

Yanzu unguwa ta juya magana. Wai ba sata ba ce kaɗai, sammu anka yi wa injina, anka barbaɗa abin nan don ya mutu, shi ya sa kwayil ya ƙone. Kuma wa ke shara? Kin ga an koma kan Hodi. Da ɓarawo ne, yanzu har da asiri. Ya daina zuwa masallacinmu. Jiya anka faɗa mani ya ɗaure kayanshi ya tafi Augie wurin ɗiyarshi Ummu Hani. Bai yi mani sallama ba.

Ni ban yarda da sammu ba. To amma ban yarda da sata ba ma, ga shi na karɓe mabuɗi. Yanzu ban san abin da na yarda da shi ba. An dawo da kwayil, an gyara wutar layi, na sayo sabuwar waya, mata na ta kai shinkafarsu wani injin ina kallo, ke kuma kin ce kada in kunna.

Ga ƙwayoyin nan na ɗaure miki a leda. Birnin Kebbi garin malamai ne. Ki sa Mujtaba ya kai wa wani malami mai tsoron Allah ya duba. Kada ki bari Nuriyya ta taɓa.

Kawunki,
Ja'afar

*

Nassarawa, Birnin Kebbi, Laraba, 17 ga Mayu

Kawu,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau, haƙorin Nuriyya ya fito. Ba fushi nake ba. Tun ranar Juma'a na rubuta maka amsa mai shafi biyu na ba Rabi'u. Yau da na ga takardarka na je tasha, ashe motarsa na gareji, takardata na cikin aljihun mota. Da na sani da na hau mota na zo da kaina. Tun da na karanta maganar mabuɗi hankalina bai kwanta ba, domin gajeriyar takardata ce ta jawo. Ban ce wanda ya buɗe akwati ɓarawo ne ba, Kawu. Amma na rubuta a tsaye, ban yi bayani ba, wannan laifina ne.

Ba a kai ƙwayoyin wurin malam ba. Ba sammu ba ne. Wayarka ce. Kamu huɗun da kake nema, su ne a gwangwanin Laure.

Ga yadda abin ya faru. An ɗauke wuta injin na aiki, kuka tafi masallaci makunni a kunne. Kuna salla aka dawo da wuta. Injin cike da shinkafa ba zai iya juyawa daga tsaye ba, sai ya yi ta jan wuta ninkin ba ninkin, kwayil ya ƙone. Waya ta yi zafi, robar ta narke, silallan ciki suka haɗu da juna. In haka ta faru, wutar da ke bi ta wurin ta fi ƙarfin kowane ƙarfe. Jan ƙarfe ya narke ya ɗiɗɗiga cikin ɓuntu, ya daskare ƙwaya-ƙwaya, wani kuma ya tashi hayaƙi, shi ne baƙin da ke bangonka. Ita ce ma ta ɗauke wutar layinku. Bakunan da ka aiko mani duka biyu a mulmule suke kamar kan ashana. Filaya ba ta barin haka, wuta ce kaɗai.

Saura tambaya ɗaya, wadda na yi tun farko. Ana sa fis ne siriri da gangan, don in wuta ta yi yawa shi ya fara tsinkewa, sauran su tsira. Da fis ɗinka na gaskiya ne, da babu abin da ya ƙone sai shi. Ba wanda ya zare shi ranar Juma'a nake nema ba. Wanda ya ɗaura abin da ke cikinsa nake nema.

Kawu, ka gafarce ni. Da muka zo gaisuwar ƙaramar Salla, kana ba Mujtaba labari cewa fis ya dame ka da tsinkewa lokacin girbi, ka yi masa gyaran da har abada ba zai sake ba. Muka yi dariya, ni ma na yi, ban tambaya ba. Ka sa a kashe wuta daga waje, ka zare fis ɗin ka duba cikinsa da idonka.

Kada ka kunna injin sai an sa na gaskiya. Na sayo guda shida, suna cikin ledar nan tare da ƙwayoyinka. Malam Hodi kuwa, da bai kashe ɓuntun nan ba, da yanzu babu injin babu ɗakin.

'Yarka,
Hamida

*

Argungu, Lahadi, 21 ga Mayu

Ɗiyata Hamida,

Assalamu alaikum. Ina gaida ku duka. Lafiya lau nike, in ana kiran wannan lafiya.

Na duba. Silin waya shida na murɗe wuri ɗaya na ɗaura cikin fis ɗin da hannuna, watan azumi, ranar da fis ya tsinke sau uku mata na layi har bakin titi. Duk masu injin layinmu haka muke yi, har alfahari muke da wanda nashi ya fi daɗewa. Na same shi nan, ya yi baƙi amma ko gezau. Ya fi wayar injin kauri. Kullum ina wuce akwatin nan ina neman ɓarawo, ko sau ɗaya bai zo mani a rai ba, don a wurina gyara na yi.

Juma'a bayan salla na hau mota zuwa Augie, da mabuɗi da gwangwanin Laure. Na tarar da Hodi a inuwa shina ware albasa. Ummu Hani ta kawo mani ruwa ba ta dube ni ba. Na zauna na yi mishi bayaninki duka, na juye ƙwayoyin a tabarma, na ce ni ne, ya yafe mani. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya yi magana, na ce ban ji ba, ya maimaita, na ce ya ƙara ɗagawa.

Ya ce, "Ai na faɗa maka, Alhaji. Ranar da ka karɓi mabuɗi. Na ce ka duba wayar da ka ɗaura, na same ta da zafi har ta ƙona mani yatsa. A kunnenka na dama na faɗa, mai ji, a hankali, don kada mata su san daga hannunka ne."

Hamida, ashe kwana tara mutumen nan shina zaune da cewa na ji shi sarai. Ya ɗauka na san laifina ne, na zaɓi in ɗora mishi don in rufa wa kaina asiri. Ya ce ba sunan ɓarawo ya kore shi Argungu ba, wannan ne. Dole na faɗa mishi abin da na ɓoye wa kowa, cewa na daman ma ya tafi tun bara, kai kawai nike ɗagawa in mutane na magana. Sannan ya nuna mani yatsan, tabon na nan. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na yi kuka gaban ɗiyarshi.

Ya ce ya yafe. Na miƙa mabuɗi, bai karɓa ba. Ya ce a Argungu anka karɓe shi, gaban mutane, ba a Augie ba.

Jiya na aika anka kira matan nan goma, da Laure, da masu injin layinmu, da limaminmu. Na tsaya daidai inda na tsaya waccan ranar, na ɗaga murɗaɗɗiyar wayata sama, na faɗi komi. Sun ce har bakin kasuwa anka ji ni. Biyu daga masu injin sun koma sun buɗe akwatunansu tun ban gama ba. Laure ta ce in biya ta tsakin da ta zubar, na ba ta kwano biyu na shinkafa mai kyau.

Na sa fis ɗinki, injin ya tashi. Na aika wa Hodi da liman ya shaida mishi abin da anka yi. Ya dawo ya ce Hodi ya saurara, ya yi godiya, bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Ummu Hani kuma ta ce ubanta ya tsufa da gadi. Ban san yadda za ta kaya ba. Mabuɗin na rataye a ƙusa da igiyarshi, shara kuma ni nike yi da wata tsintsiya, ta Hodi na nan inda ya jingine ta.

Kada ki ɗora wa kanki. Tambayarki daidai ce, ni na kai ta inda raina ya so.

Abu na ƙarshe, kuma ban son dariya. Likitan kunnen nan da kike ta damuna da shi, ki karɓo mani rana. Ko Talata ko Laraba, zan biyo Rabi'u in motarshi ta tashi. Duk abin da sunka ce in maƙala zan maƙala. In Hodi ya dawo, na san halinshi, ba zai ɗaga mani murya ba, kuma ina son in ji abin da zai ce.

Kawunki,
Ja'afar